Tambaya da Amsa: Na karanta shafi talatin ban san wanda ke magana ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a sashen Ingilishi da nazarin adabi. A wannan zangon an sa mana kwas a kan modanizim, aka ba mu waƙar T. S. Eliot mai suna The Waste Land, da Mrs Dalloway na Virginia Woolf, da wasu babuka daga Ulysses na James Joyce. Malam, tun ina sakandare ba a taɓa ba ni littafi ya gagare ni ba. Amma waɗannan, sai in karanta shafi talatin ban san wanda ke magana ba, ban kuma san ko yau ake ciki ko shekara talatin da suka wuce ba. 'Yan ajinmu duk sun koma karanta taƙaitaccen bayani a intanet, ba mai buɗe littafin. Shin kaina ne ya toshe, ko marubutan ne suka yi da gangan don su wahalar da mutane? In na bi sahun 'yan ajinmu, na yi laifi? Saura mako huɗu in miƙa jinga a kan Mrs Dalloway.

Daga wata ɗaliba

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Kanki lafiyarsa ƙalau. Ɗalibar da ta iya faɗin ainihin inda ta ɓace, wato ba ta san mai magana ba kuma ba ta san lokacin da ake ciki ba, ta riga ta ɗora yatsa a kan abubuwa biyun da kwas ɗin nan kacokan yake magana a kansu. Saura kawai ki san dalilin da ya sa aka ɓatar da ke.

Mu fara kawar da wani ruɗani na suna. In muka ce "adabin zamani" da Hausa, abin da ake rubutawa yanzu muke nufi. Modanizim kuwa wani yayin rubutun adabi ne da aka yi aka gama, galibi a Turai da Amurka, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa wajejen Yaƙin Duniya na Biyu. Ganiyarsa ita ce 1922. A ranar 2 ga Fabrairun shekarar, ranar da Joyce ya cika 40 da haihuwa, Sylvia Beach mai kantin littattafai a Faris ta buga Ulysses. A watan Oktoba kuma The Waste Land ta fito a Landan. Mrs Dalloway ya biyo baya a 1925. Littattafan da ke hannunki ke nan sun kai shekara ɗari, kuma waɗanda suka fara karanta su, 'yan asalin harshen, su ma kansu ya ɗaure kamar yadda naki ya ɗaure.

Da gangan suka yi? Ƙwarai kuwa. Amma ba mugunta ce ta sa su ba. Ƙagaggen labarin da suka gada daga ƙarni na 19 yana da mai ba da labari wanda ya san komai. Shi zai riƙe hannunki ya ce ga wance, ga halinta, ga abin da ya same ta, ga wanda ke da gaskiya, ya kai ki ƙarshe ya sallame ki. Su Woolf sun daina yarda akwai wanda ya san komai haka. Sigmund Freud, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya, ya fitar da littafinsa na fassarar mafarki a kan gaɓar 1900, yana cewa mutum bai ma san abin da ke cikin ransa ba. Birane sun cika sun batse, mutum na gogar kafaɗar dubban jama'a bai san sunan ko ɗaya ba. Sannan yaƙin 1914 zuwa 1918 ya zo. A ranar farko ta gwabzawar Somme a Faransa kaɗai, 1 ga Yulin 1916, sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. Wanda ya ga wannan, da wuya ya sake amincewa da muryar da ke cewa komai yana bisa tsari. Sai dai ki kiyaye, kar ki rubuta a jarrabawa cewa yaƙin ne ya haifi modanizim. Marcel Proust, marubucin Faransa, ya fitar da juzu'in farko na dogon labarinsa tun 1913, kafin a harba harsashi ko ɗaya. Yaƙin ya tarar da wutar tana ci, ya ƙara mata iska.

Yanzu ɗauko Mrs Dalloway ki buɗe shafin farko, mu duba tare. Clarissa Dalloway, matar wani ɗan majalisa, ta haura hamsin, ta fito da safe za ta sayo furanni domin liyafar da za ta yi da dare. Ana shirin cire ƙofofin gidan saboda baƙi. Tunanin ƙofa da sanyin safiya sai suka tuna mata ƙarar wata ƙofa da take bankaɗawa a gidansu na ƙauye, Bourton, tana 'yar shekara 18, da Peter Walsh wanda ya so aurenta. Ba a ce miki "sai ta tuna" an buɗe sabon babi ba. A cikin sakin layi guda aka tsallaka da ke shekara talatin da wani abu. Ki tsaya ki tambayi kanki, ba haka zancen zuci yake ba? Kina tafiya a titi, ƙamshi ko sauti ya bugo ki, kafin ki ɗaga ƙafa ta biyu kin koma ƙuruciya kin dawo. Abin da masana ke kira kwararar tunani ke nan, kalmar da aka aro daga masanin halayyar ɗan'adam William James.

Ci gaba kaɗan. Tana cikin shagon furanni sai wata mota ta yi ƙara kamar harbin bindiga a bakin titi. Jama'a suka tsaya cak, kowa na hasashen wane babban mutum ne a ciki, sarauniya ce ko firaminista. A nan ne Woolf ta saki Clarissa ta shiga kan wani mutum da ke cikin taron, Septimus Warren Smith, tsohon soja da yaƙi ya taɓa wa hankali, wanda abokinsa Evans ya mutu dab da tsagaita wuta. Daga kansa ta shiga na matarsa Rezia, 'yar Italiya da kaɗaici ya ishe ta a Landan. Can sai jirgin sama ya bayyana yana rubuta talla da hayaƙi, kowa na haɗa haruffan yana karanta abin da ya ga dama, shi kuwa Septimus ya sakankance da shi ake magana. Kin ga dabarar? Sau da yawa in Woolf za ta ɗauke ki daga wani kai zuwa wani, sai ta kafa abu ɗaya a waje wanda kowa ke gani ko ji: mota, jirgi, ko bugun Big Ben, babban agogon Landan. Wannan ita ce gadar. Littafin ba shi da babuka, agogon ne ke yanka shi, har ma sunan da ta fara sa masa tana rubutawa yana nufin sa'o'i.

To ga abin da nake so ki yi, kuma shi nake sa ɗalibaina. Riƙe fensir. Duk inda kika ji kin koma kan wani, rubuta harafin farko na sunansa a gefen shafi. Duk inda agogo ya buga, ja layi ki rubuta ƙarfe nawa. Shafi ashirin na farko za ki yi ta gogewa kina gyarawa. Kafin ki kai na hamsin, kunnenki zai fara rarrabe su ba tare da an faɗa miki ba, domin jimlolin Clarissa suna tsalle daga wannan abin sha'awa zuwa wancan, na Septimus kuwa suna komawa kan abu ɗaya suna maimaita shi har ya zama abin tsoro.

Bari in ɗan kauce in faɗa miki abin da ya sa nake ƙaunar Woolf. A littafinta na 1927, To the Lighthouse, ta kashe fiye da rabin shafukan a kan yammaci ɗaya da darensa, muna cikin kan uwar gidan, Misis Ramsay, har mun saba da ita kamar tamu. Sai kashi na biyu ya haɗiye shekara goma a 'yan shafuka, ana siffanta gidan da ba kowa, iska da ƙura na cin sa. A tsakiyar wannan, cikin baka biyu, a jimla ɗaya tak, aka shaida mana cewa ta rasu daren jiya. Ba jinya, ba wasiyya, ba koke-koke. Ranar da na fara karanta wurin sai da na koma baya sau uku ina neman shafin da na tsallake. Ban tsallake komai ba. Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwar fuju'a ya san haka take zuwa, a tsakiyar wata hidima, a gajeren saƙo. Woolf ta rasa mahaifiyarta tana 'yar shekara 13. Da ta ba mu babi guda na bankwana, da ta yi mana ƙarya.

Wannan ya kawo mu kan taƙaitaccen bayanin intanet. Ba zan ce haramun ne ba. Ki karanta shi sau ɗaya don ki san sunayen mutane da dangantakarsu, ba laifi. Amma ki duba abin da zai ba ki: wata mata ta sayi furanni, tsohon masoyinta ya dawo daga Indiya, wani soja ya faɗo ta taga ya mutu, an yi liyafa. Duk gaskiya ne, kuma ba abin da za ki iya rubuta jinga a kai. Clarissa da Septimus ba su taɓa haɗuwa ba. A wurin liyafar ne matar likitansa ta ambaci mutuwarsa, Clarissa ta keɓe a wani ɗan ɗaki ita kaɗai, ta ji abin a jikinta kamar ita ta faɗo. Wannan wurin ba zai taɓa ki ba sai in kin wuni a cikin kawunansu biyun. Malamin da ke duba jinga kuma yana gane ɗalibin da ya buɗe littafi tun a sakin layi na biyu, domin irin wannan ɗalibin ne ke iya kawo jimla ya ce ga abin da take yi.

Saboda haka kar ki ɗauki babban take irin "tasirin yaƙi a adabin Turai". Zai fi ƙarfin shafukanki, ki ƙare da maimaita abin da kowa ya faɗa. Ɗauki shafukan motar da jirgin kaɗai. Nuna kai nawa aka ratsa, ta wace gada, da abin da ya sa mutane suka kalli haruffa iri ɗaya suka karanta daban-daban. Mako huɗu ya isa ki karanta littafin sau biyu, domin bai da tsawo.

The Waste Land kuwa, ni ma ta ba ni wuya ina ɗalibi. Ɗango 434 ce, kashi biyar, da guntayen Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da Sanskirit (tsohon harshen Indiya), ga kuma bayanan da Eliot ya liƙa a ƙarshe. Na kwashe mako biyu a laburare ina bin kowace ishara zuwa tushenta, na cika littafin rubutu guda, waƙar ba ta ce mini komai ba. Sai wani malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, ya shigo aji ya ce a rufe littattafai, ya karanta mana ita da baki, yana sauya murya. A take na ji ashe mutane ne da yawa ke magana. Ga wata mai kuɗi da hankalinta ya tashi tana roƙon mijinta ya yi mata magana. Ga wata a mashaya tana ba da labarin ƙawarta da haƙoranta suka lalace, mijin ƙawar na shirin dawowa daga soja, mai mashayar na ta katse ta da cewa lokacin rufewa ya yi. Ga ayarin ma'aikata na tsallaka gadar Landan da safe, kowa idonsa a ƙasa, Eliot ya siffanta su da kalmomin da Dante, tsohon mawaƙin Italiya, ya siffanta matattu, alhali shi kansa a lokacin ma'aikacin banki ne a unguwar. Abokinsa mawaƙi Ezra Pound ya datse kusan rabin abin da Eliot ya fara rubutawa, shi ya sa ake tsalle daga murya zuwa murya ba sallama. Akwai rikodin da Eliot ya karanta ta da bakinsa. Ki nema ki saurara sau biyu, sannan ki je ga bayanan.

Ulysses kar ki ce za ki cinye shi a zango guda. Rana ɗaya ce a Dablin, babban birnin Ireland, 16 ga Yunin 1904, a babi 18, kusan kowanne da salonsa. Yawancin masu ajiye shi a babi na uku suke ajiyewa, inda wani matashi mai suna Stephen ke yawo a bakin teku yana falsafa. In an ba ku zaɓi, fara da na huɗu, inda Leopold Bloom ke cikin kicin yana hira da kyanwarsa. Tunaninsa gajeru ne, na mutum mai lura da ƙananan abubuwa, za ki saba da shi da wuri. Ki kuma sani akwai wurare masu batsa a littafin, har an hana shigar da shi Amurka sai da kotu ta ɗage haramcin a 1933.

Ban ce ki so mutanen nan duka ba. Pound ya yi wa gwamnatin Mussolini ta Italiya farfaganda a rediyon Rum lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma akwai ƙyamar Yahudawa ƙarara a wasu waƙoƙin Eliot na farko. In kin ci karo da irin wannan, ki faɗe shi a aji da hujjarki daga shafin, wannan ma nazari ne.

Daren yau dai shafi ashirin na farko na Mrs Dalloway kawai nake so ki yi, da fensir a hannu, daga fitowarta gida zuwa inda jirgin ya ɓace a bayan gajimare. In kin miƙa jingar, ki rubuto ki faɗa mini kai nawa kika ƙirga.