Cin abinci da cefane a Mercato Centrale ta Firenze

Malama, kin tambayi yadda za ki yi cefane kuma ki ci abinci a Mercato Centrale, kasuwa mai rufi da ke birnin Firenze (Florence) na ƙasar Italiya, ba tare da shiga haram ba. Kasuwar nan, wadda aka buɗe a 1874 a unguwar San Lorenzo, hawa biyu ce. A ƙasa mahauta da masu kifi da kayan lambu suke, kuma da rana ake tashi, don haka ki je da safe. A sama ake sayar da dafaffen abinci har dare.

Ki kiyayi prosciutto da salame da porchetta, domin duk naman alade ne. Lampredotto, wato tumbin saniya da ake dafawa a cusa cikin burodi tare da koren miya, ya shahara sosai, amma ba lallai yankan Musulmi ba ne, don haka a ganina kifi ko taliya da tumatir sun fi kwanciyar hankali, muddin kin tambaya ko an zuba giya a girkin.

Kada ki taɓa 'ya'yan itace da hannu. Ki nuna, mai rumfa ya zaɓa miki ya auna.