Haɓata ta shige ciki, in yi allurar da aka ce ta har abada ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 24, a Tudun Wada nake. Haɓata ta shige ciki, in aka ɗauke ni hoto ta gefe kamar babu ita. Bikina saura wata biyu. Wata mai gyaran jikin amare ta ce za ta yi min allura ɗaya, haɓar ta fito har abada. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki yi. Kafin komai, ki duba cizonki a madubi. Idan haƙoran sama sun zarce na ƙasa sosai, ko kina munshari, ko bakinki ba ya buɗuwa yadda ya kamata tun wata faɗuwa a yarinta, to mai yiwuwa muƙamuƙin ne gaba ɗaya ya zauna baya. Wannan aikin wayar haƙora ne da tiyatar muƙamuƙi, kuma hoton ƙashi ta gefe ne zai tantance.

Idan cizon daidai yake, akwai allurar fila, wato allurar ciko a ƙarƙashin fata, ta sinadarin hayaluronik, mililita 1 zuwa 3, wadda ke kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin jiki ya shanye ta. Akwai dasa silikon mai tauri a kan ƙashi, sai dai yana iya gocewa ko ya ci ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Akwai kuma yanka ƙashin haɓar ta cikin baki, a zamo da shi gaba kamar milimita 5 zuwa 10, a ɗaure da ƙaramin ƙarfen taitaniyam. Wannan ne mai ɗorewa, amma leɓen ƙasa kan daina jin taɓi na makonni ko watanni, saboda jijiyar da ke fitowa kusa da wurin.

Yanzu maganar "har abada". Wallahi wannan kalma tana ɓata min rai. Allurar da ba ta narkewa ita ce wadda ba ta ciruwa. Ruwan silikon ko mai ake ɗura wa 'yan mata a bayan shago, daga kwalbar da babu lambar NAFDAC a jikinta. Wata shida, shekara biyu, komai lafiya. Daga nan sai ƙulli mai tauri kamar gurjiya ya fito, fata ta yi baƙi, ruwan ya zarara zuwa wuya. Ya riga ya cakuɗe da nama, cire shi sai an yanke har da naman. Ita kanta fila mai kyau, in ta shiga jijiyar jini, fatar kan yi fari fat da azababben ciwo, ta fara mutuwa cikin sa'o'i. Likita na ajiye da allurar hayaluronides da zai narkar da ita nan take. Mai gyaran jiki me ta ajiye? Ruwan ɗumi da "ki yi haƙuri"? Man shafawa da taunar cingam kuwa ba sa tsawaita ƙashin da ya gama girma, kada ki zubar da kuɗinki.

Ki nemi likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi mai rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, yana da wannan sashe. Wata biyu bai isa tiyata ba, kumburin ba zai gama saɓewa ba. In fila ce ta dace da ke, a yi ta aƙalla mako huɗu kafin kamu.