Amsa: Cibiyar jaririna ba ta faɗi ba, in gasa ta?

Maman jariri, kin ce kwana 6 ke nan cibiyar ba ta faɗi ba, surukarki kuma na cewa a gasa ta da tsumma mai zafi. Kar ki gasa. Cibiya takan faɗi tsakanin kwana 5 zuwa 15, babu abin gaggawa. Zafin yana ƙona fatar da ke kewaye, tsumman kuma na kai ƙwayoyin cuta cikin ɗanyen rauni. Haka toka, man goge haƙori, kashin shanu. Ta nan tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki, ke shiga.

Ki nemi man chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kashi 4 cikin ɗari a asibitin sha-ka-tafi. Ki wanke hannu da sabulu, ki shafa a bakin cibiyar da gindinta sau ɗaya kullum. Ki naɗe ƙunzugun ƙasa da ita don iska ta shiga. Don Allah kar maganin ya taɓa ido, yana makantarwa.

Idan kewayen ya yi ja, ko tana wari, ko tana fitar da mugunya, ko yaron ya ƙi nono, ko jikinsa ya sandare, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. An yi masa BCG, allurar rigakafin tarin fuka, da ɗigon shan inna kuwa?