Shin mai gida na iya ƙara kuɗin haya kafin wa'adi ya cika?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a gidan haya bisa rubutacciyar yarjejeniya ta shekara ɗaya, ina biya wata-wata, yanzu muna cikin wata na bakwai. Makon jiya mai gidan ya turo mini saƙo ta waya cewa daga wata mai kamawa ya ƙara kashi 30 cikin 100, in kuma ban amince ba in kwashe kayana. Shin doka ta ba shi wannan damar? Kuma ko in daina biya har sai ya janye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce ta fi tayar mini da hankali. Kada ka daina biya. Ɗan hayar da ya riƙe kuɗi don nuna fushi yakan miƙa wa mai gida hujjar da dā ba shi da ita, domin bashin haya yana cikin dalilan da kotuna suka fi karɓa wajen ba da umarnin tashi. Ka ci gaba da biyan tsohon kuɗin a kan lokaci, ta hanyar da ke barin shaida, ko ta banki ko da rasit mai ɗauke da kwanan wata da sa hannu.

Game da ƙarin kansa, dokokin haya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha, amma akwai ƙa'idar da kusan duka suka haɗu a kanta: yarjejeniyar da aka ƙayyade wa wa'adi tana ɗaure ɓangarorin biyu har wa'adin ya cika. Kamar yadda ba ka da ikon ka tashi da safe ka ce ka rage kuɗin, haka shi ma ba shi da ikon ƙarawa shi kaɗai a wata na bakwai, sai fa idan a cikin takardar akwai sharaɗin da ya ba shi damar sake duba kuɗin, ko kuma kai da kanka ka amince. Saboda haka ka ɗauko takardar ka zauna ka karanta ta layi-layi, har da ƙananan rubutun da ke shafin ƙarshe kusa da wurin sa hannu, domin a irin wannan wuri sharaɗin ƙari yakan ɓuya. Idan ka same shi, ka duba ko ya faɗi lokacin da za a yi ƙarin da yadda za a lissafa shi. A Faransa, alal misali, dokar haya ta 1989 ta yarda a sake duba kuɗin sau ɗaya a shekara idan yarjejeniyar ta tanadi haka, kuma ƙarin ba zai wuce motsin wani ma'auni da hukumar ƙididdiga ta ƙasar ke fitarwa duk wata uku ba.

Idan wa'adin ya cika, ko kuma zaman ya koma na wata-wata, mai gida yana da haƙƙin neman ƙari, kuma adalci ne a faɗi haka, domin kuɗin gyara da haraji su ma ba a tsaye suke ba. Sai dai doka takan sa masa linzami ta fuskar sanarwa, da yawan lokutan da zai yi ƙarin, a wasu wurare har da adadinsa. A lardin Ontariyo na Kanada dole ne ya ba da sanarwa a rubuce kwana 90 kafin ƙarin ya fara aiki, kuma sai an yi wata 12 tsakanin ƙari da ƙari. A Ingila sashe na 13 na dokar gidaje ta 1988 ya wajabta amfani da takamaiman fom, sannan sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya ta 2025 ta mayar da sanarwar wata biyu, sau ɗaya a shekara, kuma ɗan haya na iya kai ƙara gaban kotun musamman kafin ranar da sabon kuɗin zai fara. Ka ga ke nan saƙon waya da ke cewa "daga wata mai kamawa" bai cika sharaɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan wuraren ba.

Batun adadi ne inda dokoki suka fi rarrabuwa. Mu ɗauka kuɗin hayarka 1,000 ne, mai gida yana so ya mayar da shi 1,300. A jihar Kalifoniya ta Amurka dokar 2019 ta ƙayyade ƙarin shekara a kan kashi 5 tare da hauhawar farashi, kuma kome tsananin hauhawar ba zai haura kashi 10 ba, wato iyakarsa 1,100, ko da yake gidajen da ba su kai shekara 15 da ginawa ba ba sa cikin wannan ƙayyadewar. A Jamus ƙarin ba zai wuce kashi 20 cikin shekara uku ba, ko kashi 15 a biranen da gidaje suka yi ƙaranci, kuma ko a hakan ba zai zarce abin da ake biya a gidaje makamantansa a yankin ba. Abin da ya fi burge ni a tsarin Jamus shi ne mai gida neman amincewar ɗan haya yake yi, tare da kawo hujja a rubuce, idan ɗan haya ya ƙi sai shi mai gidan ya garzaya kotu, kuma doka ta hana shi korar mutum don kawai ya samu damar ƙara kuɗi. Akwai kuma wuraren da ba a sa adadi ba sai aka bar wa alƙali ya auna. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011, a sashe na 37, ta ba ɗan haya damar roƙon kotu ta bayyana cewa ƙarin ya wuce hankali, kotun za ta duba abin da ake biya a unguwar da shaidun ɓangarorin biyu, kuma haramun ne a fitar da shi daga gidan muddin shari'ar na gudana. A wurare da dama kuwa babu iyaka ko kaɗan, kariyar ɗan haya ita ce yarjejeniyarsa da lokacin sanarwa kawai, shi ya sa nake jaddada maka riƙe takardar nan da kyau.

Maganar kwashe kaya kuma barazana ce, ba hukunci ba. Tayar da ɗan haya yana da nasa matakan, daga takardar notis mai cikakken wa'adi har zuwa umarnin kotu. Mai gidan da ya canza makulli, ko ya yanke wuta da ruwa, ko ya fitar da kayan mutane waje, ya taka doka a ƙasashe da yawa, a Ingila ma laifi ne da ake hukuntawa a ƙarƙashin dokar 1977 da ke kare 'yan haya daga kora. Amma ka sani, idan wa'adin shekarar ya ƙare, a wasu wurare yana iya ƙin sabunta yarjejeniyar, don haka watanni biyar ɗin da suka rage maka lokaci ne na shiri da tattaunawa.

Shawarata ita ce ka adana saƙon nasa, ka ɗauki hotonsa yadda kwanan wata zai fito, sannan ka mayar masa da amsa a rubuce cikin ladabi, ka ambaci ranar da yarjejeniyar ta fara da ranar da za ta ƙare, ka ce za ka ci gaba da biyan abin da kuka sa hannu a kai, kuma a shirye kake ku zauna kan sabon kuɗi idan lokacin sabuntawa ya zo. Ka kiyaye, kada ka biya sabon kuɗin ko da sau ɗaya da niyyar a zauna lafiya, domin kotu na iya ɗaukar hakan a matsayin amincewa. Idan ya ƙi karɓar tsohon kuɗin, ka ajiye shi a gefe ba tare da ka taɓa ba, ka rubuta ranar da ka kai masa da wanda ya shaida, sannan ka kai yarjejeniyar da rasitanka ga lauya ko ofishin ba da agajin shari'a na inda kake zaune kafin ranar biya ta gaba.