Kazata Ba Ta Da Lafiya: In Yi Jinyarta Ko In Yanka Ta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a gidan haya a Agege, kuma ina da 'yan kaji a akurki bayan ɗakinmu. Tun shekaranjiya ɗaya daga cikinsu ta daina cin abinci, ta takure wuri guda, fuka-fukanta sun sauka, kashinta ruwa-ruwa. Na fasa mata kafso ja da yalo a ruwan sha, ban ga canji ba. Maƙwabciyata ta ce in sa a yanka ta tun ba ta zama mushe ba, wata kuma ta ce in kai ta kasuwa. Maigida yana fita aiki Apapa da asuba, sai dare yake dawowa. Shin dole ne in kashe kuɗi a kanta? In na ga za ta mutu, zan iya yanka ta da kaina? Naman ya halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malama, kazar da kika rufe a akurki amana ce a hannunki. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Shehu Halil a Muhtasar ya wajabta ciyar da dabba a kan mai ita idan babu inda za ta yi kiwo, in ya ƙi a sayar da ita. Kazar gidan haya a Legas ba ta da gona ko juji da za ta tona, don haka cinta da shanta suna wuyanki, lafiyarta lau ko tana ciwo. Magani kuwa, shari'a ba ta tilasta miki kashe abin da ya ninka kuɗin kazar ba. Kina iya jinyarta, kina iya yanka ta, kina iya ba wanda zai kula da ita bayan kin gaya masa halin da take ciki. Abin da bai halatta ba shi ne a bar ta a kusurwa, 'yan'uwanta suna caccakarta, ruwa ya yi mata nisa, ana jiran ta mutu.

Ko me kika zaɓa, ware ta yau. Annabi (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangaro da su wurin masu lafiya, kuma hukuncin ya hau kan kaji. Sa ta a kwali ko kwando mai shan iska, a inuwa, inda ruwan sama ba ya bugu, amma ba ɗakin da kuke kwana ba, ba kuma kusa da wurin girki ba. Shimfiɗa mata busasshiyar dusar katako ko tsohuwar jarida, ki sauya kullum. Kwanon cinta da na shanta daban. Ki fara ba masu lafiya abinci, ita ce ta ƙarshe, sannan ki wanke hannu da sabulu.

Ruwa ya fi abinci gaggawa. Kaza babba tana shan kusan rubu'in lita a yini, kuma mai zawo da ta daina sha ƙishirwa ce ke fara kayar da ita. Zuba babban cokali ɗaya na sukari ko gulukos a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a ranar farko, ko ki sayi garin bitamin na kaji a shagon maganin dabbobi. In ba ta sha da kanta, tsoma mata bakin a ruwan, ko ki ɗiga mata a gefen baki da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, kina barin ta haɗiye. Kada a ɗaga kanta a ɗura: ƙofar numfashinta tana nan gindin harshe, ruwa ya shiga huhu sai ta mutu a hannun mai jinya. Abinci kuma jiƙaƙƙiyar dusa ko dafaffen ƙwai da aka marmasa, kaɗan-kaɗan.

Daga nan sai ki duba ta da kyau, domin hukuncin namanta ya rataya ne a kan abin da ke damunta. Da sassafe kafin ta ci komai, taɓa jakar abincin da ke gindin wuyanta ta ɓangaren dama. Ya kamata ta kwana ta sauka, in tana nan tauri ko tana wari, abinci ne ya tsaya. Buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da na wajen dubura ki nemi ƙwarƙwata. In tana yunƙuri, tana tafiya a miƙe da jela ƙasa, ciki da tauri, wataƙila ƙwai ne ya maƙale: zaunar da ita a ruwan ɗumi minti 15 zuwa 20, ki shafa mai a duburar, kada ki matse, domin ƙwan da ya fashe a ciki yana kashewa. Jini a kashi, musamman ga ƙananan kaji a damina, lokacin da ƙasan akurki ba ya bushewa, galibi ciwon hanji ne da ake yi wa Amprolium a ruwan sha kamar kwana biyar. Ƙuraje masu ɓawo a zanko da fuska sauro ne ke yaɗa su, sai a shafa aidin. Duk waɗannan jinyarsu ta gida ce.

Amma idan kashin kore ne shar, tana buɗe baki tana neman numfashi, daga baya wuya ya murɗe ko ƙafa ta shanye, to alamun cutar Niyukasil ne, wadda ta fi ɓarna da hunturu. Ba ta da magani, kafso ba ya taɓa ta. Sauran kajin ake ceta da rigakafi, LaSota ko I-2 da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, ɗigo ɗaya a ido duk wata uku zuwa huɗu, kuma masu lafiya ake yi wa.

Akwai hali guda da nake hana ki yankan ma gaba ɗaya. Idan kaji biyu ko uku suka faɗi cikin yini ɗaya ko biyu, fuska ta kumbura, zanko ya koma shuɗi-shuɗi, jini ya kwanta a ƙarƙashin fatar ƙafa, ana tsoron murar tsuntsaye ce. An fara tabbatar da ita a Najeriya a Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, kuma a Janairun 2007 ta kashe wata matashiya 'yar shekara 22 a nan Legas. Mai yanka da mai figa su ne suka fi shiga haɗari, saboda jini da gashi da kayan ciki. A wannan halin yankawa don ci haramun ne, bisa hadisin "ba cuta, ba cutarwa" da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Kada ki taɓa su da hannu tsirara, ki hana yara zuwa wurin, ki sanar da likitocin dabbobi na gwamnatin jiha. Ana samun su a unguwar Oko-Oba, ba ta da nisa da ke. Ɓoye irin wannan a gidan da iyalai da yawa ke shanya da wanke-wanke a tsakar gida ɗaya zalunci ne ga maƙwabta.

Yanzu ga batun yanka. Buhari ya ruwaito cewa wata baiwar Ka'abu ɗan Malik tana kiwon tumaki a dutsen Sal'u, sai ta ga ɗaya tana shirin mutuwa, ta fasa dutse ta yanka ta da shi. Aka tambayi Annabi (SAW), ya ce a ci. Wannan hadisi ɗaya ya amsa tambayoyinki biyu: yankan mace ya inganta, yankan dabbar da ta kusa mutuwa ma ya inganta. Maganar cewa mace ba ta yanka al'ada ce, kuma kaji da yawa sun zama mushe ana jiran maigida ya fito daga cunkoson hanya. Abin da ya shahara a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne yankan mace ba ko karhanci, ko da tana haila.

Sharaɗin shi ne wuƙa ta same ta da rai tabbatacce. Malamanmu sun bambanta mai lafiya da marar lafiya a nan. Mai lafiya, zubar jini kawai ta isa shaida. Wadda ciwo ya cinye kuwa, sai an ga motsi mai ƙarfi, kamar ta yi shure-shure da ƙafa ko ta buga fiffike, ko jinin ya yi tsartuwa. Ɗan karkarwa, ko jini baƙi ya gangaro a hankali ba motsi, bai wadatar ba. Wannan a ɗauke ta mushe. Saboda haka in kin yanke shawarar yanka, kada ki jira sai ta sandare.

Wasa wuƙar sosai, ba a gabanta ba. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu a Muslim ya yi umarni da a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Haɗa fuka-fukan ki riƙe da ƙafafun ba tare da karya su ba, ki fuskantar da ita alƙibla, ki yi niyya, ki ce Bismillahi Allahu Akbar. Yanka ta gaba, ƙasa da maƙogwaro kaɗan yadda kullutun zai tafi tare da kai, ki yanke bututun numfashi da jijiyoyin jini biyu na gefe, ba tare da ɗaga hannu ba sai an gama. Yanka ta ƙeya ba ya halatta ta. Wanda hannunsa ya zarce ya cire kan gaba ɗaya ya yi abin ƙi, amma ana ci. Kada a tsoma ta a ruwan zafi sai motsi ya ɗauke.

Sai dai ingancin yanka daban, halaccin ci daban, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Yanka yana fitar da dabba daga mushe, ba ya fitar da cuta ko magani daga namanta. Kazar da ƙafarta ta karye, ko ƙwai ya maƙale mata, ko zafi ya buge ta, a yanka a ci. Wadda ba a san ciwonta ba, a duba cikinta: hanta ta kumbura ko tana da fararen ɗigo, ruwa ko ruwan ƙwai ya taru a ciki, naman ya yi duhu ko yana wari, ƙirji ya bushe sai ƙashi, duk wannan a binne. Ba almubazzaranci ba ne. Shehu Halil ya halatta yanka dabbar da ba a ci ma, idan an fid da rai da ita, don a hutar da ita. In cikin ya fito lafiya, a dafa har zafi ya ratsa ko'ina, aƙalla digiri 70, babu sauran ja kusa da ƙashi.

Taki kazar kuma ta sha kafso. Kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta na kaji yana da kwanakin jira da ake rubutawa a jikin leda, waɗanda ba a cin nama ko ƙwai sai sun cika, kuma dafuwa ba ta kawar da ragowarsa duka. Kafson mutane ba shi da wannan rubutun, ba ki kuma san adadin da ta sha ba. Don haka ki daina ba ta, kuma kada a ci namanta ko ƙwanta sai likitan dabbobi ya faɗa miki kwanakin. In ta matsu kafin nan, ki yanka ta don hutar da ita, ki binne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake kira Kuloramfenikol kuwa an hana ba da shi ga duk dabbar da ake ci, domin yana iya lalata ɓargon mutum.

Shawarar kai ta kasuwa ba ta da kyau. Sayar da ita a matsayin mai lafiya algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Bayyana aibi wajibi ne, har da maganin da ta sha. In ciwon mai yaɗuwa ne, ko kin bayyana bai halatta ba, domin keji ɗaya za a cusa ta da kajin mutane. Ta nan ne ma ciwo ya fi shigowa gida: duk kazar da kika sayo, ki ware ta mako biyu kafin ta haɗu da naki.

In ta mutu kafin ki yanka ta, mushe ce: ba ci, ba sayarwa, ba kai wa mai suya. Ƙwan da aka ciro daga cikinta bayan mutuwa najasa ne a wurin Malikiyya. Kada a jefa ta a kwata, ruwan sama zai kai ta ƙofar wasu. Sa leda a hannu, ki binne ta a rami mai zurfin kusan mita ɗaya, nesa da rijiya, ki zuba toka a kai. In gidan duk siminti ne, a ƙona gawar, ko a ɗaure ta cikin leda biyu a tambayi likitan inda za a kai. Kwalin da ta kwanta a ƙone shi, kwanukanta a wanke da sabulu, a jiƙa su minti goma a ruwan bilic irin su Hypo, su bushe a rana kafin wata kaza ta ci a ciki.

Wallahu a'alam.