Tara Kayan LEGO na Jaruman Marvel da DC: Da Wanne Ake Farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina buga wasannin bidiyo na LEGO, musamman LEGO Marvel Super Heroes, na kuma kalli fim ɗin Batman na LEGO, har sha'awar tara ainihin kayan ta kama ni. Da na duba sai na tarar abin ya fi ƙarfin lissafina, saiti ba iyaka, sababbi da tsofaffi, wasu ma an daina yin su. Shin duk jarumin da nake gani a cikin wasa akwai shi a roba? Da wanne ya kamata in fara? Kuma gaskiya ne cewa idan aka bar kwali a rufe darajarsa tana ƙaruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayarka ta farko, domin a nan ne yawancin waɗanda suka shigo harkar ta ƙofar wasan bidiyo suke yin tuntuɓe. Ba duk jarumin da ke cikin wasa ne aka taɓa ƙerawa a roba ba, kuma tazarar da ke tsakanin biyun tana da faɗi ƙwarai. Kamfanin TT Games na Ingila, wanda Warner Bros ta saya a 2007, shi ne yake yin waɗannan wasanni, kuma saka sabon jarumi a cikin wasa aikin zane ne a kwamfuta, alhali fitar da shi a roba yana buƙatar izinin masu haƙƙin mallaka, da bugun fenti na musamman, wani lokaci har da sabon ƙarfen zubi saboda hularsa ko gashinsa, sannan a sama masa saitin da zai shiga. Wasan da ka ambata na 2013 yana ɗauke da jarumai da miyagu sama da 100, ciki har da Fantastic Four, amma sai a 2025 aka fitar da waɗannan huɗun a matsayin ƙananan mutum-mutumi a cikin saiti. Su ma X-Men sun leƙo a 2012 da 2014, daga nan suka yi ƙaranci na tsawon shekaru, har wasan LEGO Marvel Super Heroes 2 na 2017 ya fito babu su. Masu bin lamarin sun danganta hakan da kasancewar haƙƙin fina-finansu yana hannun kamfanin Fox a wancan lokaci, kafin Disney, mai mallakar Marvel, ta saye shi a 2019, kuma babban gidansu na X-Mansion bai fito ba sai 2024. Saboda haka ka ɗauki wasa a matsayin inda za ka san jarumai ka gane waɗanda ranka yake so, kada ka mayar da jerin sunayensa takardar sayayya.

Haka abin yake game da fina-finai, sai dai ta wata fuskar. Saitin da ake fitarwa tare da fim akan zana shi ne tun fim ɗin bai kammala ba, ana dogaro da zane-zanen farko da kamfanin fim ya bayar, shi ya sa za ka ga wata mota ko wani sulke a kan kwali, ka kalli fim daga farko har ƙarshe ba ka gan su ba. Saitin War Machine Buster na 2019, wanda aka fitar da sunan Avengers: Endgame, misali ne da kowane mai tarawa ya sani. Wannan ba aibi ba ne ga yaron da zai yi wasa da shi, amma ga wanda burinsa ya gina abin da ya gani a allo, gara ya jira saitin da ake yi shekaru bayan fim, domin su ne suka fi kama da asali.

Game da inda za ka fara, shawarata ɗaya ce, kuma a kanta sauran bayanin zai rataya: ka shata wa kanka iyaka tun kafin ka sayi kwali na farko. LEGO ta fara yin Spider-Man a 2002, ta yi Batman daga 2006 zuwa 2008, sannan daga 2012 ta haɗa DC da Marvel a ƙarƙashin sunan Super Heroes, kuma tun daga lokacin babu shekarar da ba a ƙara sababbi ba. Wanda ya ce zai tara duka ya ɗauko abin da ba shi da ƙarshe, musamman da yake kamfanin yana maimaita manyan jaruman da ke sayuwa, ta yadda Batman da Spider-Man da Iron Man kowannensu yana da siffofi da dama waɗanda bambancinsu bai wuce zanen ƙirji ko launin ƙafa ba. Iyakar tana iya zama jarumi ɗaya da miyagun da ke adawa da shi, ko fim ɗaya, ko manyan gine-gine kaɗai, ko motoci kaɗai. Tunda ka ce ka kalli The LEGO Batman Movie na 2017, ga misali mai kyau a hannunka: kayan wannan fim an yi su ne a 2017 da 2018 aka tsaya, ba a kuma yi masa kashi na biyu ba bayan haƙƙin fina-finan LEGO ya koma hannun Universal a 2020, don haka jerinsa rufaffe ne, mutum zai iya zama ya lissafa abin da yake da shi da abin da ya rage masa. Illarsa ita ce duk an daina yin su, sai a hannun masu sayar da na hannu.

Idan kuwa Marvel ce ta fi kwanta maka a rai, kamar yadda tambayarka ta nuna, to a ganina babban gini ɗaya mai yawan mutum-mutumi ya fi ƙananan saiti goma amfani. Ginin Daily Bugle na 2021, wato ofishin jaridar da ke cikin labarin Spider-Man, mai lamba 76178, yana da tubali guda 3,772 da mutum-mutumi 25, kuma a cikinsa ne Daredevil da Punisher da Blade suka fara bayyana. Avengers Tower na 2023, mai lamba 76269, yana da tubali guda 5,201 da mutum-mutumi 31, har da Kevin Feige, shugaban Marvel Studios, wanda aka saka shi don barkwanci. Amma ka auna wurin ajiya kafin ka yi azama, domin na farkon ya haura santimita 80 a tsawo, na biyun kuma ya kai 90, kuma mutane da yawa sai sun gama gini suke gane cewa babu kantar da za ta ɗauke shi. A ɓangaren DC, motar Batman ta fim ɗin 1989 da aka fitar a 2019 da tubali guda 3,306 tana cikin waɗanda ake yabo, sai dai mutum-mutuminta uku ne kacal, wato abin kallo ce, ba hanyar tara jarumai ba.

Abin da ya kamata ka fahimta da wuri shi ne cewa a wannan reshe na LEGO, darajar saiti tana tattare ne a ƙananan mutum-mutumin, ba a tubalan ba. Tubalan jirgi ko na mota ana samun irinsu a ko'ina, amma jarumin da ya fito a saiti ɗaya tak shi ne ake nema. Deadpool na saiti mai lamba 6866 na 2012 ya zama abin farauta ne saboda shekaru sun shuɗe ba a sake saka shi a saitin kasuwa ba. A nan ne wasanni da fina-finai suke shigowa cikin tarin da gaske, domin an riƙa raba wasu mutum-mutumi ga waɗanda suka yi odar wasa tun kafin ya fito, kamar Iron Patriot tare da wasan Marvel na 2013 da Plastic Man tare da LEGO Batman 3 na 2014, haka kuma fayafayan fina-finan DC da aka yi don kallon gida sun zo da nasu, kamar Clark Kent a 2013 da Batzarro a 2015. Idan za ka sayi tsohon faifai saboda wannan, ka tabbatar mutum-mutumin yana ciki, domin sau da yawa an riga an zare shi. Su kuwa waɗanda aka riƙa rabawa daga 2011 a Comic-Con na San Diego a Amurka, wato taron masu sha'awar littattafan zane da fina-finai, kaɗan aka buga, kuma ba na ba sabon shiga shawarar ya bi su, saboda su ne suka fi tsada, su ne kuma aka fi kwaikwaya.

Maganar jabu tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma duk lokacin da ka ga jarumin da ba a cika samu ba ana sayar da shi da yawa a farashin banza, to ka san inda aka dosa. Ka cire kan mutum-mutumin ka duba saman wuyan gangar jikin, za ka ga sunan LEGO a rubuce ƙanana, haka ma a saman ƙugu da cikin ɗan dunƙulen da ke saman kai. Ka kalli fentin a haske: na asali layukansa siriri ne masu kaifi, na jabu kuma yakan yi kauri ko ya goce gefe, hannuwansa su yi sako-sako ko su yi tauri fiye da kima. Sai dai ganin tambari bai wadatar ba a kan masu tsada, domin akwai masu ɗaukar gangar jiki ta asali marar zane su buga mata fenti da kansu, don haka sai an gwada da hotunan asali. Shafin Brickset yana da jerin saiti shekara bayan shekara, BrickLink kuma, shafin saye da sayar da kayan LEGO wanda aka kafa a 2000 kuma LEGO ta saya a 2019, yana nuna kowane mutum-mutumi da sassansa da saitin da ya fito a ciki da farashin da aka sayar da shi a watannin baya. Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin gaskiya, ba abin da mai kaya ya rubuta yana nema ba. Kwaikwayon cikakken saiti ma ya yi ƙamari a wani lokaci, har wata kotu a Shanghai ta ɗaure shugaban masu yin kayan Lepin shekara shida a 2020.

Sai tambayarka ta uku. Gaskiya ne cewa saiti yakan zauna a kasuwa shekara ɗaya zuwa biyu, manya su ɗan fi haka, kuma da zarar an daina yin sa, wanda ke rufe a kwali mai lafiya yakan fi wanda aka buɗe daraja. Akwai ma binciken da masana a jami'ar HSE ta Mosko suka yi a kan saiti sama da 2,000 da aka fitar tsakanin 1987 da 2015, inda suka gano matsakaicin ƙarin daraja na kimanin kashi 11 cikin ɗari a shekara. Amma matsakaici ne, wasu sun hau sosai wasu sun faɗi, kuma binciken ya shafi zamanin da mutane ƙalilan ne suke ɓoye kwalaye, saɓanin yanzu da dubban mutane suke yin hakan da niyya ɗaya. Ga kuma haɗarin da ya fi shafar jarumai, wato maimaici: motar Batman mai suna Tumbler ta 2014 an sake fitar da wadda ta fi ta a 2021, kuma duk ranar da aka sake buga jarumin da ake taƙama da ƙarancinsa, masu neman tsohon sukan ragu. Ra'ayina shi ne mutumin da sha'awar wasa da fim ta kawo shi ya buɗe kwalinsa ya gina, ya adana littafin umarni da kwalin a ninke da ragowar ƙananan sassan da ake sakawa a matsayin ƙari, domin saitin da aka gina kuma yake cikakke ba ya rasa mai saye.

Abin da ke rage darajar ginannen saiti shi ne rashin kula. Hasken rana yana mayar da farin tubali da ruwan toka mai haske rawaya, don haka a nisanta kantar ajiya daga taga, kuma kabad mai gilashi yana rage wahalar ƙura, wadda ta fi bayyana a kan baƙaƙen motocin Batman. Idan za a wanke, a yi da hannu da ruwan da bai wuce digiri 40 ba, ban da sassa masu sitika ko lantarki. Kada a riƙa cire hannun mutum-mutumi ana mayarwa, domin gefen gangar jiki yana tsagewa daga ƙarƙashin hammata, kuma wannan ne wuri na farko da gogaggen mai saye yake dubawa. Tsofaffin sassa masu launin ƙasa-ƙasa da ja mai duhu an san su da saurin karyewa, sai a bi su a hankali wajen kwancewa. Alkyabbar yadi kuwa, idan ta lanƙwashe ta daɗe a haka ba ta cika komawa daidai ba, shi ya sa masu tarawa suke cire ta su shimfiɗa a tsakanin takardu idan za su ajiye jarumin a akwati.

Akwai wasa ɗaya da ya haɗa roba da allo kai tsaye wanda wataƙila za ka ci karo da kayansa, wato LEGO Dimensions na 2015, inda ake ɗora mutum-mutumi a kan faranti mai haɗe da na'urar wasa sai ya bayyana a cikin wasan. An daina yi masa sababbin kaya a 2017, yana da jaruman DC irin su Batman da Superman da Wonder Woman, amma babu na Marvel ko ɗaya. Idan za ka sayi na hannu, ka tambayi mai kaya ko ɗan faifan da jarumin yake tsayawa a kai yana nan, domin a cikinsa ne bayanin da wasan yake karantawa yake, kuma ka tabbatar farantin na irin na'urarka ne, saboda na Xbox ba ya aiki a kan PlayStation.