Amsa kan yadda za a rarraba 'yan wasan shafa baƙi na Amurka

Malama, kin tambaya ko 'yan wasan minstirel, wato waɗanda suke shafa baƙi a fuska su hau dandamali suna kwaikwayon baƙaƙen fata, za a jera su cikin mawaƙa ne ko cikin masu barkwanci. Na daɗe ina koyar da tarihin wasan kwaikwayo, kuma abin da na fahimta shi ne, sana'ar ba ita ce abin dubawa na farko ba. A fara tambaya tukuna: fuskar wa ke ƙarƙashin baƙin?

Da farko ni ma na zuba su duka a jaka ɗaya. Wata rana na ajiye hotuna biyu a kan tebur, zanen Thomas Rice da hoton Bert Williams cikin farar safar hannu, an zagaye leɓɓansa da fenti, sai wani ɗalibi ya ce, "Malam, ai duk Turawa ne." Nan na gane cewa jerin nawa ne ya ɓatar da shi. Rice Bature ne ɗan New York, wanda ya yi suna wajen 1830 da kwaikwayon wani gurgun bawa da ya kira Jim Crow, sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata. Shi kuwa Williams baƙar fata ne haifaffen Bahamas, ya rasu a 1922, kuma ya shafa gawayin ne a zamanin da manyan dandamali ba su cika buɗe wa irinsa wata ƙofa ba sai wannan. Wanda ya yi arziki da izgili ga mutane, da wanda aka ce sai ya yi izgili ga kansa kafin ya ci abinci, ba su cancanci suna ɗaya ba. A rukuni na biyu, wato na baƙaƙen fata irin Williams, za ki sa William Henry Lane, mai rawar da aka sani da Master Juba, da Billy Kersands, da ƙungiyoyin baƙaƙe irin su Georgia Minstrels da suka bunƙasa bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865.

Bayan haka sai zamani. Akwai masu wasa su kaɗai kafin 1843, shekarar da Dan Emmett da abokansa uku suka kafa Virginia Minstrels. Akwai zamanin ƙungiyoyi. Sai na fim da talabijin, inda mawaƙi Al Jolson ya fito a fim da fuska shafe da baƙi a 1927, BBC kuma ta ci gaba da nuna irin wannan shiri daga 1958 har 1978.

A nan ne tambayarki ta asali take shigowa, domin a cikin ƙungiya kowa da matsayinsa. Suna zama ne a jere kamar jinjirin wata, mai jan ragamar zance yana tsakiya cikin shiga ta alfarma, a gefe biyu kuma akwai Tambo mai ƙaramar ganga da Bones mai kaɗa ƙasusuwa, su ne masu sakin ba'a. Akwai mai jawabin shirme, akwai kuma maza masu fitowa a matsayin mata, kamar Francis Leon. Mutum ɗaya yakan yi waƙa da rawa da ba'a a dare guda, saboda haka ki ba shi alama fiye da ɗaya maimakon ki matse shi a layi guda.

Abin da nake roƙo shi ne kada a fassara su da 'yan kama, kamar yadda na taɓa gani. Ɗan kama yana tsokanar malamai da manyan garinsu ne, a cikin mutanen da ya fito, alhali wannan wasa an gina shi ne kan raina bayi da zuriyarsu, har Frederick Douglass, tsohon bawa mai fafutukar yaƙi da bauta, ya yi tir da shi a jaridarsa tun 1848. Ni dai nakan rubuta "mai wasan shafa baƙi, Bature" ko "mai wasan shafa baƙi, baƙar fata", sannan in bi da shekarun aikinsa da matsayinsa a ƙungiya.